Wai da gaske ne Arsenal bata taɓa faɗuwa rukuni na biyu ba?

Gunner Ƙarami:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah manyan zauren nan ku raba mana gardama. Tun jiya muke musu da wani abokina ɗan United har sai da muka kusa ɓatawa, ni nace masa duk Ingila Arsenal ce kaɗai bata taɓa faɗuwa rukuni na biyu ba tunda aka kafa ta, don haka na taso ina ji a bakin yayyena kuma ban taɓa bincika ba, kawai na ɗauka haka abin yake. Shi kuma sai ya kwashe da dariya yace wai karatuna bai yi nisa ba, wai ba faɗuwa kaɗai muka taɓa yi ba, hawan da muka yi ma ba a fili muka same shi ba, a ɗakin taro aka miƙo mana, wai ta ɓarauniyar hanya muka shigo muka ture Tottenham. Nace kawo hujja, yace shi ma ji yayi amma ya tabbata. To ni dai wallahi abin ya tsaya min a rai. Farkon sanina da Arsenal lokacin su Fabregas da Van Persie ne, Henry ma a bidiyo na fi ganinsa, abin da ya gabaci Wenger kuwa ban san komai ba in banda sunan Highbury. Wanda ya san tarihin ya taimaka ya warware min, in ni ne da gaskiya in koma in rufe masa baki, in kuma shi ne to in san yadda zan lallaɓa in canja zance.

Baban Ummi:

Wa alaikumus salam ƙanina. Sai dai ka yi haƙuri, abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, kuma ni da nake gaya maka haka tun zamanin George Graham nake bin ƙungiyar nan, na ga ƙwallon Michael Thomas a Anfield a 1989, don haka ba maƙiyi bane yake baka labari. Mun taɓa faɗuwa, sau ɗaya, a 1913. Abin da yayyenka ya kamata su ce maka shi ne tun 1919 bamu sake sauka ba, kuma babu ƙungiyar da ta kai mu daɗewa a jere a rukunin farko na Ingila. Everton ce take biye mana, ita kuma a 1954 ta hau hawan da ta zauna, ka ga tazarar shekara 35 kenan.

Amma ba za ka gane faɗuwar ba sai ka san daga ina aka taso. Arsenal ba ƙungiyar arewacin Landan bace a asali, 'yar kudu ce, can Woolwich a kudu maso gabas, ƙetaren kogin Thames. Akwai wata babbar masana'antar gwamnati ta ƙera bindigogi da harsasai da ake kira Royal Arsenal, to leburori da maƙeran wajen ne suka kafa ta a 1886, shi ya sa ka ga igwa a tambarinmu kuma ake ce mana Gunners. Jagoransu wani ɗan Sikotland ne David Danskin, mutum 15 suka yi karo-karo kowa ya kawo sisi, shi kuma ya ƙara sule uku daga aljihunsa aka sayi ƙwallo. Sunan farko Dial Square, sunan wani sashe na masana'antar, sun buga wasan farko a watan Disamba 1886 suka ci Eastern Wanderers 6-0, ba a jima ba suka koma Royal Arsenal. Jar riga kuma labarin da ake bayarwa shi ne akwai tsofaffin 'yan Nottingham Forest da suka zo aiki masana'antar, ta hanyarsu aka samo riguna jajaye.

A 1891 suka fara biyan 'yan wasa albashi, wanda a lokacin a kudancin Ingila abin kunya ne, masu faɗa a ji na can gani suke ƙwallo wasan 'ya'yan manya ne da ba a karɓar kuɗi a kansa. A 1893 suka shiga Football League da sunan Woolwich Arsenal, su ne ƙungiyar kudu ta farko da ta shiga, kuma a rukuni na biyu suka fara. Ka riƙe wannan shekarar don za ta dawo a labarin. Sai 1904 suka hau rukunin farko.

Matsalar ita ce wajen da suke. Filinsu Manor Ground a Plumstead yake, lungu ne, zuwa wahala komawa wahala, 'yan kallo kusan duk ma'aikatan masana'antar ne, in aiki ya ja baya ko aka sallami mutane sai fili ya zama wayam. Ga Chelsea an kafa a 1905 a inda jama'a suke tana kwashe 'yan kallo. Kuɗi ya ƙare, suka shiga sayar da gwanayensu ɗaya bayan ɗaya don su biya bashi, to ka san mai sayar da akuyarsa don ya sayi igiya, a 1910 kamfanin ƙungiyar ya durƙushe gaba ɗaya. Nan ne Henry Norris ya shigo. Attajiri ne mai harkar gine-gine, shi ne shugaban Fulham kuma magajin garin Fulham ɗin, daga baya har ɗan majalisa ya zama. Abin da ya fara nema shi ne ya haɗe Arsenal da Fulham su zama ƙungiya ɗaya, League ta ce a'a. Da sun yarda yau da babu Arsenal ɗin da kake musu a kanta.

Kakar 1912-13 kuwa ba a cewa komai. Wasa 38 muka ci 3 kacal, ɗaya ne a cikinsu a gida, ƙwallo 26 muka zura duk kakar aka zura mana 74, maki 18, na ƙarshe a teburi, muka sauka tare da Notts County. Duk lokacin da yaran yanzu suke kukan wai ba a taɓa lalacewa irin ta ranar da United ta yi mana 8-2 ba sai in yi murmushi kawai.

Norris ya ga in aka zauna a Woolwich mutuwa za a yi, sai ya ɗauke ƙungiyar ɗungurungum ya haye kogi da ita zuwa arewa. Ya samu fili a Highbury na wata kwalejin koyar da limaman coci, ya karɓi haya ta shekara 21 a kan fam 20,000, da sharaɗin ba za a buga wasa ranar Kirsimeti da ranar Good Friday, wato Juma'ar da ke gabanin bikin Ista, ba. Abin da ya ja shi wajen shi ne tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa tana nan bakin filin, mutum daga ko'ina a Landan zai iya zuwa. Tottenham da Clapton Orient suka yi ta ihu an shigo musu unguwa, don tsakanin Highbury da White Hart Lane, filin Tottenham, bai wuce mil 4 ba, amma League tace bata da dokar hana ƙungiya ƙaura. Ranar 6 ga Satumba 1913 muka buga wasan farko a can muka ci Leicester Fosse 2-1, a 1914 aka yar da sunan Woolwich. Asalin gabarmu da Tottenham kenan, tun kafin maganar ƙuri'a.

Yanzu ga inda abokinka yake nufi. Kakar 1914-15, ta ƙarshe kafin a dakatar da gasa saboda yaƙin duniya na ɗaya, mun gama na 5 a rukuni na biyu. Derby ta ɗaya, Preston ta biyu, Barnsley ta uku, Wolves ta huɗu, sannan mu. A rukunin farko kuma Chelsea ta 19, Tottenham ta 20. Da aka gama yaƙi za a dawo a 1919 sai aka ce za a ƙara ƙungiyoyin rukunin farko daga 20 zuwa 22. Derby da Preston sun hau da guminsu, Chelsea aka bar ta a inda take, saura kujera ɗaya, aka ce a kaɗa ƙuri'a. A taron watan Maris 1919 Arsenal ta samu 18, Tottenham 8, Barnsley 5, Wolves 4, Forest 3, Birmingham 2, Hull 1. Shi kenan, ta 5 ta hau. Don haka eh, a ɗakin taro muka hau, wannan ba abin musu bane. Maganar cin hanci kuwa shekara sama da 100 ana faɗa, har yau ba wanda ya fito da takarda ko shaida guda.

Zakaran Landan:

Baba Allah ya ƙara girma, wallahi ka burge ni, ban taɓa ganin ɗan Arsenal ya faɗi rabin gaskiya da yawa haka ba, to bari ni ɗan Tottenham in ƙarasa ɗaya rabin tunda ka gaji a daidai inda labarin ya fara daɗi.

Ka ce an kaɗa ƙuri'a kamar dama haka aka saba. Ba haka aka saba ba. A 1905 da aka ƙara ƙungiyoyi daga 18 zuwa 20, Bury da Notts County ne na ƙarshe a teburi kuma dukkansu aka bar su a sama, aka ɗauko biyu daga ƙasa aka ƙara. Kowa abin da yake jira kenan a 1919, Chelsea da Tottenham su zauna, Derby da Preston su hau, lissafi ya cika 22 cif ba sai an kira kowa taro ba. To me ya sa da aka zo kanmu al'ada ta canja? Ruwa dai baya tsami banza.

Kuma hujjar da aka ce shugaban League na lokacin John McKenna, wanda mutumin Liverpool ne, ya kafa, wai Arsenal ta riga Tottenham shiga League da shekara 15, ku 1893 mu 1908, don haka a saka mata da biyayya. To madalla, in tsufa ake bi ina Wolves? Wolves tana cikin ƙungiyoyi 12 da suka kafa League ɗin kanta a 1888, kuma ta gama a samanku a teburi, ta samu ƙuri'a 4. In teburi ake bi ina Barnsley da ta zo ta uku? In al'ada ake bi ga mu. Duk ma'aunin da ka ɗauko ba Arsenal yake nunawa ba, ma'auni ɗaya ne kawai yake nuna ta, wato waye ya fi sanin manya. Norris a lokacin an riga an bashi sarautar Sir, yana majalisa, ya zuba dukiyarsa a ginin Highbury ga bashi ya taru lokacin yaƙi, yana buƙatar 'yan kallon rukunin farko ko ta halin ƙaƙa, kuma ya samu shekara huɗu ba a ƙwallo yana zagaya shugabannin ƙungiyoyi.

Ka ce babu shaidar hanci, na yarda babu. Amma ka manta ka gaya wa yaron yadda Norris ya ƙare. Hukumar ƙwallon Ingila, FA, ta bincike shi a 1927 kan kuɗaɗen da ake bi ta ƙarƙashin ƙasa, har da kuɗin motar ƙungiya da aka sayar fam 125 suka shige aljihunsa da albashin direbansa da ake cira daga asusun kulob, aka kore shi daga harkar ƙwallo har abada, ya kai ƙara kotu wai an ɓata masa suna, a 1929 ya sha ƙasa. Ni ban ce ya sayi ƙuri'a ba, cewa nayi biri yayi kama da mutum.

Mu kuwa da aka tura mu ƙasa bamu je ɗakin taron kowa ba, kakar 1919-20 muka cinye rukuni na biyu da maki 70, lokacin ma nasara maki 2 ce ba 3 ba, muka dawo, a 1921 muka ɗauki kofin FA. Ku kuma ba a jima ba kuka koma lilo a gindin teburi. Akwai ma labarin da tsofaffin magoya bayanmu suke bayarwa, wai wani aku da 'yan wasanmu suka taho da shi daga rangadin Kudancin Amurka a 1909 yana zaune a kulob lafiya lau shekara goma, ranar da aka kaɗa ƙuri'ar nan ya faɗi ya mutu. Ko tsuntsu bai iya haɗiye abin ba.

Red Devil 99:

hhhhhh wayyo cikina, ashe shekara dari ana mana gorin bamu taba faduwa ba bamu taba faduwa ba ashe ta taga aka shigo. Gunner karami je ka ba dan uwana hakuri kawai, dan United baya karya. daga yau sunanku yan kuri'a

Maman Haidar:

Red Devil ni da kai ne da na yi shiru wallahi, don duk zauren nan ba wanda ya kamata ya sunkuyar da kai in ana maganar 1919 kamar ɗan United. Ni 'yar Chelsea ce, kuma na lura Baban Ummi ya wuce wajen da sauri yace "Chelsea aka bar ta a inda take" bai faɗi dalili ba, ina jin kara yayi muku. To ni ba zan yi ba.

Ranar Good Friday, 2 ga Afrilu 1915, United ta karɓi Liverpool a Old Trafford tana cikin masu neman faɗuwa, aka tashi 2-0 United ta ci, George Anderson ne ya zura duka biyun. Tun a fili 'yan kallo suka ga abin ba daidai ba, Liverpool kamar an ɗaure musu ƙafa, United ta samu fenareti aka doka shi can gefe kamar da gangan, wani ɗan gaban Liverpool Fred Pagnam da ya ƙi shiga maganar ya buga ƙwallo ta daki sandar saman raga sai 'yan uwansa suka hau shi da faɗa a gaban jama'a. Ashe 'yan wasan ɓangarorin biyu sun haɗa baki sun zuba kuɗi a caca cewa 2-0 za a tashi. FA ta bincika ta kori mutum 7 har abada, 3 na United 4 na Liverpool. Daga baya an yafe wa mafi yawansu saboda sun je yaƙi, Sandy Turnbull ma a fagen daga ya mutu a 1917, shi kuwa Enoch West da ya dage bai yi ba sai 1945 aka ɗage masa.

Yanzu duba teburin ƙarshen kakar. United ta 18 da maki 30, Chelsea ta 19 da maki 29, Tottenham ta 20 da 28. Maki ɗaya tal ya raba mu da ku, ku kuma kun ɗauki maki 2 a wasan da aka sayar. Ba a cire muku ko ɗaya ba, wai 'yan wasa ne suka yi ba shugabanni ba. Shi ya sa da aka zo 1919 ba wanda ya iya buɗe baki yace Chelsea ta sauka, kunya ta hana. Kuma daga nan ne aka samu ƙofar raba maganar Chelsea da ta Tottenham, tunda an ce ita Chelsea zalunta aka yi, ita kuwa Tottenham ko an sayar da wasan ko ba a sayar ba a cikin biyun ƙarshe take. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wajen shiga, bangon nan kuwa United da Liverpool ne suka tsaga shi, Norris shigewa kawai yayi.

Don haka Gunner Ƙarami in ka koma wajen abokinka ka amsa masa eh kun faɗi a 1913, sannan ka tambaye shi labarin Good Friday ta 1915, in ya ce bai sani ba ka ƙara masa da 1974 da suka sauka da ƙafarsu.

Red Devil 99:

haba hajiya ai ba'a haka, ni wasa nake

Baban Ummi:

Maman Haidar Allah ya biya, dama na bar miki ne. Zakara kuma duk abin da ka faɗa kan Norris haka yake, ba waliyyi bane kuma ban ce shi ne ba. Inda na saba da kai ɗaya ne. Ƙuri'a tana iya ɗora ka a kujera amma bata iya riƙe ka a kai shekara ɗari. Kuma gaskiyarka ne mun yi lilo, a 1924 na 19 muka gama, a 1925 na 20 cikin 22, taki ɗaya ya rage mu koma inda aka ɗauko mu, da hakan ta faru da yau ba wanda zai tuna da wata ƙuri'a. Abin da ya raba mu da wannan shi ne mutum ɗaya, Herbert Chapman, kuma ni a ganina duk wanda yake kiran kansa ɗan Arsenal bai san sunan nan ba to rigar kawai ya saya.

Chapman ya riga ya ci kofin FA a 1922 da lig biyu a jere 1924 da 1925 da Huddersfield, Norris ya zo ya ɗauke shi da albashin fam 2,000 a shekara. Ka ga mutumin da kuke zagi shi ne dai ya sake yin abin da ya cece mu. Cinikinsa na farko Charlie Buchan ne daga Sunderland, ɗan shekara 33, Sunderland suka ce fam 4,000, Norris ya ce yayi tsada ga tsoho, aka daidaita a kan 2,000 da kuma fam 100 duk ƙwallon da ya ci a kakar farko. Mutumin nan ya tashi ya ci 21, aka biya 4,100, wayo ya ci mai shi.

A shekarar ne kuma aka canja dokar satar gida, da sai da mutum uku tsakaninka da layin raga, aka mayar da shi biyu, ƙwallaye suka yi ta zuba ko'ina kamar ruwan sama. Watan Oktoba 1925 Newcastle ta yi mana 7-0, bayan wasan Buchan da Chapman suka zauna suka ce ɗan tsakiyar nan na tsakiya ya koma baya ya tsaya tsakanin 'yan baya biyu ya zama mai gadi, 'yan gaba biyu na ciki su ja baya su riƙa ɗauko ƙwallo. Shi ne tsarin da ake kira WM, don in ka kalli tsayuwar 'yan wasan daga sama haruffan nan biyu za ka gani. Duk wani ɗan baya na tsakiya da kake gani yau, daga Adams har Saliba, jikan wannan shawarar ne. Herbie Roberts ne ya fara shahara a wajen. Kakar ta farko muka tashi daga na 20 muka gama na 2.

Bai zo da sauƙi ba dai. A 1927 muka je wasan ƙarshe na FA Cardiff ta ci mu 1-0, ƙwallo ta suɓuce wa golanmu Dan Lewis ta ƙarƙashin jikinsa, shi ne karo ɗaya tak da kofin ya bar Ingila, kuma abin haushi golan namu ɗan Wales ne. Chapman ya ci gaba da tara mutane, David Jack daga Bolton a 1928 kan fam 10,890 wanda ba a taɓa sayen ɗan wasa haka ba a duniya, Alex James daga Preston, da yaro Cliff Bastin daga Exeter wanda ya ci mana 178, tarihin da ya zauna har sai da Ian Wright ya karya a 1997 kafin Henry ya zo ya kai 228. A 1930 muka ɗauki kofinmu na farko, FA, kuma Huddersfield ɗinsa muka ci 2-0. Shekara 44 da kafuwa kafin babban kofi na farko, masu ƙorafin jira su ji. A 1931 lig na farko da ƙwallo 127, ba ƙungiyar kudu da ta taɓa ci kafin mu, sai 1933, 1934, 1935 a jere, FA a 1936, lig kuma a 1938.

Shi bai ga ƙarshen abin ba. Ya je kallon wasa cikin sanyi da mura a jikinsa ta zama ciwon huhu, ya rasu ranar 6 ga Janairu 1934 yana da shekara 55, ana tsakiyar kaka muna saman teburi, George Allison ne ya ƙarasa ginin. Norris ma a shekarar ya mutu, a waje, ba shi da ikon taka ofishin kulob ɗin da ya ɗauko daga Woolwich. Watan Nuwamba na shekarar Ingila ta buga da Italiya mai riƙe da kofin duniya a Highbury, 'yan Arsenal 7 ne a cikin 11, Ingila ta ci 3-2.

Kuma ba a fili kaɗai ya bar sawu ba. Farin hannun rigar nan da kuke sawa shi ya kawo a 1933. Lamba a bayan riga yana cikin waɗanda suka fara gwadawa tun 1928. Tashar jirgin da na ce Norris ya gani sunanta Gillespie Road, Chapman ya bi ya bi har aka mayar da ita Arsenal a 1932, har yau ita kaɗai ce tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan mai sunan ƙungiyar ƙwallo. Bayan nan an sake shiga wahala, daga 1953 zuwa 1970 ba kofi ko ɗaya, a 1975 na 16, a 1976 na 17, amma dai ba a sauka ba. A tsakanin nan United ta sauka a 1974, Tottenham a 1977, Chelsea ta yi ta hawa da sauka har 1989, City ma har rukuni na uku ta leƙa a 1998. Ba ƙuri'ar McKenna ce ta buga mana waɗannan wasannin ba.

Zakaran Landan:

Baba na ji, Chapman kam ko mu bama musu a kansa. Amma tunda tarihi ake ka ƙara wa yaron da cewa lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta karɓe Highbury ta mayar da shi sansanin masu kare gari daga harin jiragen sama har bam ya faɗa wa ɓangare ɗaya, kuma a White Hart Lane kuka yi ta buga wasanninku na gida har aka gama yaƙi. Mutanen da kuka ƙwace wa kujera su suka baku masauki.

Baban Ummi:

Haka ne, kuma ramuwa kuka yi, don a yaƙin farko da aka karɓe naku filin ku ma kun buga a Highbury. Kuma ai mun ji daɗin masaukin, shi ya sa muka dawo muka ɗauki lig a cikinsa a 1971, muka sake dawowa a 2004.

Gunner Ƙarami:

Kai jama'a na gode wallahi, Baba Allah ya ƙara lafiya, Hajiya Allah ya raya Haidar. Na tura masa maganar 1915 ɗin tun ɗazu, ya karanta ya ga alamar ta nuna ya karanta amma har yanzu shiru, da alama yana can yana bincike. Ni dai maganar faɗuwa na fasa ta, na koma "tun 1919". Sai dai Baba wani abu, wannan Anfield 1989 ɗin da ka ambata a farko ka wuce, wai da gaske sai mun ci da ƙwallo biyu a gidansu a wasan ƙarshe sannan mu ɗauki kofi kuma a minti na ƙarshe ta biyun ta shiga? In ka samu lokaci dan Allah ka buɗe masa nasa zancen daban, don wannan so nake in ji shi daga bakin wanda ya gani.